Ɗan Wanzami a Ɗakin Ɗibar Jini

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Zafi ne. Bari in rubuta wannan tun kafin wani ya ba da labarin ta wata fuska: zafi ne, kuma ban karya da safe ba, kuma fankar ɗakin ɗibar jini tana juyawa ne kamar roƙonta ake yi. Duk wanda ya tsaya a wurin cikin farar riga mai dogon hannu, abin da ya same ni zai iya samunsa. Cewa mu goma sha biyu ne a tsaye kuma ni kaɗai abin ya samu, wannan ba hujja ba ce.

Yau muka fara aikin koyo a asibiti, mu 'yan aji uku na sashen gwaje-gwajen lafiya. Madam Juliana, shugabar ɗakin, ta zaunar da wani dattijo, ta ɗaure masa dantse da roba, ta ce mu matso mu gani. Na matso. Na ga allura ta shiga, na ga ja yana hawa cikin sirinji a hankali. Abin da na gani bayan wannan shi ne silin, da fuskoki goma sha ɗaya, da abokina Habila yana yi mini fifita da littafina. Dattijon da aka ɗebi jininsa shi ya fara ce mini sannu.

Kafin mu tashi Madam ta raba mana littattafai. Kowa zai ɗebi jinin mutum goma a gabanta, ta sa masa hannu sau goma, zuwa Juma'a 23 ga wata. Wanda bai cika ba zai maimaita shekara. Da ta zo kan "maimaita" ni ta kalla.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Da na shigo gida na tarar da Baba a zaure yana wasa aska, mutum biyu suna jiran ƙaho. Ya ce musu, "Ga shi nan, wanda nake gaya muku. Mansir na aska, Mika'ilu na allura. Jini dai gadonmu ne, shi ya tafi ya koyo shi da Turanci."

Suka ce Allah ya sa albarka. Na ce amin, na wuce da sauri kafin a fara tsaga.

Baba wanzami ne, kakana wanzami, kakan kakana ma haka. Duk unguwar Fadaman Mada babu wanda bai san zaurenmu ba. Yaya Mansir ya ɗauki zabira tun yana ɗan shekara sha biyu. Ni kuwa tun ina firamare, da na ji an ce a miƙo ƙaho sai in tuna ina da aikin gida. Haka na yi ta tuna aikin gida har na zo na ɗaya a aji, aka ce yaron nan ɗan boko ne, a bar shi. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa nake son karatu haka.

Da aka zo zaɓen kwas na zauna na yi lissafi. Likita yana tiyata, nas tana wankin ciwo, ungozoma kuwa ba a magana. Na ce to mai gwaji yana can ƙuryar ɗaki shi da madubin ganin ƙwayoyin cuta, a kawo masa abu a kwalba a rufe, ya duba ya rubuta. Shekara biyu ina yaba wa kaina wayo. Ban taɓa tambayar wa ke zuba abin a kwalbar ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Yau na karya da masa shida da miya. Ashe ba karyawar ba ce.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Habila yana da sa hannu huɗu. Yagana 'yar ajinmu tana da biyar, ita da take ihu idan ta ga ƙadangare. Ni littafina fes yake, ko ɗigon biro babu.

Madam ta kira ni ofis. Ta faɗi sunan abin da ke samuna ƙarara, da Hausa da Turanci. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta tambaye ni sana'ar mahaifina, don ta ji ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Na ce yana harkar gashi.

Habila ya raka ni bakin titi neman Keke. Ya ce, "Mika, kai kana faɗuwa kamar buhun masara, babu ko sallama. Jiya Madam ya ce in riƙe ƙafanka sama, takalminka ya buge ni a baki. Ka je inda jini yana da yawa ka tsaya, idonka zai saba. A garinmu Bogoro haka muna yi wa kare mai tsoron ruwa."

Ban ji daɗin misalin ba, amma shawarar ta shige ni.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je kwata tun da sassafe, inda ake yankan shanun gari. Kuskurena ɗaya, na sa farar rigar asibiti don kada kayana su ɓaci, na kuma riƙe littafi don in rubuta yadda nake ji.

Ina tsayawa wurin ya yi tsit. Sai ga bokitai sun fito, ana ta kwara ruwa, ana shara, wani ya ja wata akuya ya yi bayan gini da ita, ban san laifinta ba. Wani babban mahauci ya zo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a sanar da mu za a zo duba ba." Na ce ni ɗalibi ne, kallo kawai na zo yi. Ya ce ai haka na wancan karon ma ya ce.

Awa guda na yi a wurin. An yanka sa bakwai a gabana, jini yana gudu a kwalbati, ko gezau ban yi ba. Na dawo gida da hanta a leda wadda na yi rantsuwa sau uku ba na so, ina tafe ina jin kaina kamar soja. Na warke. Ina so a rubuta ranar da lokacin.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Jinin sa daban, na mutum daban.

Don in tabbatar da warkewata, da safe na shiga zaure na ce wa Baba zan riƙe masa kwano. Ya dube ni ya daɗe, don tunda aka haife ni ban taɓa cewa haka ba. Ya miƙo kwanon. Wani direban tifa ne ya zo da ciwon baya. Baba ya kafa ƙaho, ya zuƙe, ya cire, ya yi tsaga, ya mayar. Duk lafiya. Sai da ya ɗaga ƙahon na farko ya juye mataccen jinin a kwanon da ke hannuna.

Na samu na ajiye kwanon, wannan a yaba mini. Na samu na kai soro na biyu. A nan ƙanwata Saudatu ta same ni, kaina a cikin kwandon wanki.

Ta yayyafa mini ruwa tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, dama na sani. Tun ranar da na yanke da reza ka ce za ka je kiran Inna, aka same ka a kwance bayan randa." Na ce idan ta gaya wa kowa sai na fasa mata waya. Ta leƙa zaure ta ce, "Baba, Yaya azumin nafila yake yi, jiri ya ɗebe shi." Azumin nafila ranar Lahadi, ga man hanta a bakina.

Baba bai ce komai ba. Na ji shi yana ci gaba da hira da direban a kan hanyar Ningi. Shirun nan ya fi mini zafi fiye da a ce ya yi faɗa.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Inna ta gano matsalar: baki ne. Ta ce tunda Baba ya fara yabona a zaure ta san za a rina, mutane ba sa son ɗan talaka ya sa farar riga. Ta turara ni, ta turara rigar, ta turara littafin sa hannun. Ta aika an karɓo rubutu a gora. Na sha, don ba a musu da Inna.

A Keke wata mata ta tambayi direba ko wani abu yana ƙonewa.

Sifili. Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Madam Juliana ba muguwa ba ce, fuskarta ce haka. Ta rufe ƙofa ta ce ta taɓa ganin irina biyu, ɗaya yanzu babban ma'aikaci ne, ɗayan yana sayar da taya a kasuwar Muda Lawal, in zaɓa. Ta ce jini ne yake gudu daga kaina ya taru a ƙafafu, don haka da na ji kunnena ya fara ƙara, in matse cinyoyina da mazaunaina da ƙarfi, in ƙirga goma, in saki, in sake. Kuma a zaune zan riƙa aiki.

Na ce, "Madam, a gaban mutane?"

Ta ce, "Kwanciya a gaban mutane ya fi maka kyau?"

Habila ya naɗe hannun riga ya ce, "Ka yi da ni. Amma idan ka faɗi ka bar allura a jikina, ni da kai har Lahira." Na zauna, na ɗaura robar, na lalubo jijiya, na matse duk abin da Allah ya ba ni na matsewa. Kunnena ya yi ƙara, ɗakin ya yi nisa, amma ya dawo.

Ɗaya. Na kalli sa hannun nan ya fi sau ashirin. Ko kyau ba shi da shi, kamar tsutsa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Uku. Cinyoyina ciwo suke kamar na yi noman kwana biyu. Wata tsohuwa ta ga ina matsewa ina zufa, ta ce, "Ɗan nan, je ka zaga mana ka dawo, zan jira."

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Baba ya daina cewa "na allura" a zaure. Yau na wuce yana yi wa wani gyaran fuska, mutumin ya ce ina likitanmu, Baba ya ce yana nan yana fama. Ban san me yake nufi da fama ba. Na tsaya a soro ina jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Da ya kira ni ya tambaye ni, da na gaya masa. Ƙarya nake, da ban gaya masa ba.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe biyu da rabi

Shida. Yagana ta gama tun Alhamis, yanzu tana zagayawa tana ba mutane shawara.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Tara! Uku a yini ɗaya. Na saya wa Habila tsire a Wunti, na ce ya ci ya ƙoshi. Saudatu ta ce tafiyata ta canza, kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Ban kula ta ba. Gobe ɗaya, shi ke nan, in koma ƙuryata da madubina, kada in sake ganin dantsen kowa har in yi ritaya.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Soja ne daga barikin Shadawanka. Jijiyoyinsa kamar igiyar guga, makaho ma zai samu. Na raina aikin, ban zauna ba, ban matse komai ba.

Ya tare ni da hannu ɗaya kafin in kai ƙasa, ɗayan hannun kuma allura tana ciki. Madam ce ta ƙarasa. An ce har ya tambaya ko ya ɗauke ni ya kai ni wani wuri. Ƙofar a buɗe take, layin masu jira ya kai mutum talatin.

Ba zan ƙara rubuta komai yau ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe goma sha biyu

Labari ya riga ni zuwa. Duk wanda aka turo kujerata sai ya ce zai jira yarinyar can. Wani ya ce, "Wannan ne na jiya? A'a, ni ina da hawan jini, ba zan iya ɗaukar mutum ba." Wata ta ce ita ba ta ƙi ba, amma mijinta bai ba ta izini ba. Madam ta ce ba za ta tilasta wa marar lafiya ba, kuma hannun ɗalibi sau ɗaya take ƙirgawa, Habila ya riga ya ba da nasa.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Tara. Shekara guda saboda mutum ɗaya. Ba maimaitawar ce take ci mini rai ba. Idan na maimaita sai an tambayi dalili, kuma a zaure za a tambaya, a gaban masu jiran aski. Mutumin da ya yi shekara arba'in hannunsa cikin jini zai buɗe baki ya ce ɗansa ba ya iya kallonsa.

Na kasa cin tuwo. Inna ta ƙara turare.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Bari in bi shi daki-daki.

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya ake rufe ɗakin. Har sha biyu da rabi mutum shida sun ƙi ni. Ina zaune ina kallon agogo sai na ji Habila ya ce, "Mika, wani baba yana neman ka da suna." Na ɗaga kai. Baba ne, cikin babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da takardar gwaji a hannu ya riƙe ta da yatsa biyu kamar za ta cije shi. Tunda nake ban taɓa ganin Baba a asibiti ba, ko dubiya aike yake yi.

Madam ta karɓi takardar ta ce, "Baba, me yake damunka?"

Ya ce, "Jiri." Bai kalle ni ba.

Ta nuna masa kujerar Yagana. Ya ce a'a, wancan yaron yake so. Wani daga layi ya ce, "Alhaji, wannan fa shi ne mai..." Baba ya juya ya dube shi, mutumin ya haɗiye sauran.

Ya zauna, ya tattare hannun riga. Na ɗaura robar. Da na kama hannunsa sai na ji shi sanyi ƙalau, jiƙe da zufa. Na dubi fuskarsa. Ya juya ta ga bango, ya runtse ido, leɓɓansa suna motsi, Ayatul Kursiyyu yake ja da sauri kamar ana binsa. Da na yage ledar sirinji, ƙarar kawai ta sa ya zabura har hularsa ta karkace.

Baba. Wanda ya yi wa rabin mazan unguwarmu kaciya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, wai direban tifar nan ya dawo? Bayan nasa ya saki?" Ya ce, "Uhm." Na ce, "Ni fa ban yarda da hanyar Ningin da ya ce ya bi ba, awa biyu da lodin yashi?" Ya ce, ido a rufe, "Ƙarya yake, ko babu lodi ba zai yi ba." Na ce ai kuwa ya rantse. Ya ce direba da rantsuwa, ai tare aka haife su. Na tambaye shi gonar Inkil, ko za a sa gyaɗa bana. Ya ce gyaɗa ta ci amanarsa bara, masara zai sa, kuma Mansir ba ya son zuwa gona, sai yawon ɗaurin aure. Ya shiga faɗan Mansir sosai, har ya buɗe ido ɗaya.

Ina jin sa, ina kallon sirinjin yana cika. Ja ne, irin na kowa. Kunnena bai yi ƙara ba. Ban ma tuna da cinyoyina ba, hankalina duk yana kan kada dattijon nan ya faɗo mini daga kujera a gaban mutane.

Na kwance robar, na zare, na danna auduga, na manna filasta.

Ya ce, "To ka yi mana, me kake jira?"

Na ce, "An gama, Baba."

Ya dubi hannunsa, ya dubi kwalbar, ya yi sauri ya kawar da kai. Sannan ya gyara hula, ya ce da Madam, ba da ni ba, "Hannunsa da sauƙi." Shekara goma sha biyar Yaya Mansir yana aski a gabansa bai samu wannan kalmar ba.

Madam ta sa hannu. Ta ce, "Baba, wace sana'a kake yi?" Ya ce wanzami ne shi, uban wanzamai. Ta dube ni ta ce, "Harkar gashi." Na sunkuyar da kai. Habila ya fita waje, ina jin dariyarsa har daga baranda.

Na raka Baba bakin titi. Yana tafe yana dafa kafaɗata, ya ce rana ce ta yi yawa. Na ce e, zafi ne. Muka tsaya muna jiran Keke, ni kuwa na yi ta kallon wani mai rake a tsallake don kada ya ga idona.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Saudatu ta rantse ba ita ta gaya masa ba. Inna ta ce aikin turare ne. Ta kuma ce tunda aka kawo ta gidan nan Baba bai taɓa yarda an yi masa allura ba, ko lokacin da ciwon shawara ya kwantar da shi wata guda, da aka kira mai allura ta katanga ya fita. Ta ce ranar Juma'a tun asuba ya yi wanka ya zauna a bakin gado, ta tambaye shi ina za shi, ya ce kada ta dame shi.

Sakamakon ya fito, lafiyarsa ƙalau. Na kai masa, ya ce in ajiye, shi dama ya sani.

Yau kwana uku ke nan bai cire filastar ba. Gefenta ya yi baƙi, ta fara ɗagowa, in zai yi alwala sai ya dafe ta da yatsa. Na ce, "Baba, ai tun ranar ya kamata a cire." Ya ce in bar masa abinsa. Ɗazu ina soro na ji wani ya zo aski yana tambayarsa me ya same shi a hannu. Na ji Baba ya ajiye askar.

Ya ce, "Jini aka ɗiba a asibiti. Matso ka gani, ko tabo babu. Yarona ne ya yi."